Yadda Shehinmu Ya Mayar wa Kare Gurnaninsa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, Ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa.

Bayan haka, wannan ɗaya ne daga labaran shehinmu kuma madogararmu, malamin malamai, ma'abucin tsentseni da gudun duniya, kogin ilimin da ba mu taɓa hango gaɓarsa ta biyu ba, Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya amfane mu da albarkarsa. Ya kasance yana karantarwa a wani ɗaki da ke jikin ƙaramin masallaci, littattafansa a jere kan katakon da aka ɗora bisa bulo, da wata tsohuwar fanka a sama wadda ƙararta ta fi iskarta yawa. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma duk tsawon zamana a gabansa ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan babba ko yaro ba. In ɗalibi ya yi kuskure a karatu, sai ya yi shiru kawai ya jira, shirun kuwa ya fi tsawa shiga jiki. Shekara nawa na yi ina ɗaukar karatu a wurinsa, ba zan iya ce muku ba, domin lissafi ya fara guje mini, har nakan kira jikana da sunan ubansa ya amsa don tausayi. Amma abin da zan faɗa yanzu idona ne ya gani, kuma shi bai dushe ba.

Matata, Allah Ya jiƙanta, tana da ƙane wanda sana'arsa horar da karnukan gadi, yana sayar wa masu sito da masana'antu da manyan gidaje. Kowa Mai Karnuka yake kiransa, har mu na gida. Gidansa na bayan garejin makanikai, da fili babba a baya wanda aka daɓe da siminti, an jera kejoji na rodi a jikin katanga, ga kuma tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe. Hannayensa duk tabon cizo ne, yana kuwa nuna su kamar yadda soja ke nuna lambobinsa. Ba na so mai karatu ya ɗauke shi mugu, domin ba mugu ba ne. Shi ke riƙe da mahaifiyarsu, surukata, wadda muke kira Inna, tun da yanar ido ta makantar da ita. Ba ya cin abinci sai karnukansa sun ci, kuma da hannunsa yake cire musu kaska ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ya tashi a hannun wani ubangida da ya koya masa cewa kare mai faɗa ba ya jin magana sai ya ji a jikinsa, kayan aikinsa kuwa guda biyu ne: wata sarƙa da ake zura wa kare a wuya, wadda in an fizge ta sai ta shaƙe, da wani guntun tiyo.

Ni da shi akwai wasa, kamar yadda ya kamata tsakanin mutum da ƙanin matarsa. In na je gaida Inna na tsaya a bakin ƙofa ina tattare riga, sai ya ce, "Shigo mana, mijin yaya. Sun ci sun ƙoshi. Ba sa ma cin malamai, ƙashi ya yi yawa."

A cikin karnukansa akwai wani ƙato, baƙi mai ruwan ƙasa a ƙirji. Ko kuwa ja ne? A'a, baƙi ne. Jan wani ne daban da ya zo daga baya, wanda ya cinye mini takalmi. Wannan baƙin suna kiransa Aradu, saboda in ya yi gurnani har a ƙirjinka za ka ji. Wani mai siton kayan gini ya ɗauke shi gadi, aka haɗa shi da wani dattijon mai gadi wanda shi ke ba shi abinci da ruwa. Ba a daɗe ba mai sito ya dawo da ƙorafi: karen yana yi wa leburori gurnani in sun gifta kusa da inda yake ɗaure, yana yi wa direbobi, har masu zuwa sayen siminti sun fara tsayawa daga titi suna aike. Ya ce shi kare yake so wanda zai kama ɓarawo, ba wanda zai kori ciniki ba, don haka a cire masa wannan gurnanin.

Mai Karnuka ya karɓi aikin, ya kuma yi shi yadda ya iya. Sai ya ɗaure karen, a ajiye masa abinci, a sa wani ya matso; da zarar gurnani ya fara tasowa sai ya fizge sarƙar har numfashi ya ɗauke, ya bi da tiyo. Haka aka yi ta yi har aka wayi gari ana iya zuwa dab da tasar Aradu bai ce uffan ba, sai dai ya sandare ya zuba ido. Haushin ma ya ragu ƙwarai. Aka mai da shi sito, mai sito ya yaba, leburori suka sake masa suna suka koma kiransa Bebe, ƙanin matata kuwa ya daɗe yana ba da labarin a matsayin aiki mafi kyau da ya taɓa yi.

Wata rana da hantsi, mai gadin nan ya ajiye wa karen abinci, tasar ta karkace, ya sunkuya zai gyara ta. Karen ya cafke masa hannu, babu haushi babu gurnani, sai da leburori suka taru da katako kafin ya saki. An yi ɗinki a asibiti, amma wasu yatsun ba su ƙara lanƙwasawa ba har ya bar duniya. A ranar mai sito ya sa aka jefo karen a bayan motar kaya aka dawo da shi, ya aiko cewa a kira likitan dabbobi ya yi masa allurar da za ta gama da shi. Mai Karnuka ya amince, ya sa wa likita rana. Amma zuciyar mai sana'a ba ta bar shi ba: ya ce kafin ranar zai ƙara gwada shi da horon da ya fi na da, ya hana shi abinci, ya ɗaure sarƙar sama yadda ba zai iya kwanciya ba, ko dai ya karye ko kuwa allura ta same shi.

Inna ce ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinta, wanda tagarsa ke kallon filin karnukan, tana zaune a bakin gado da carbi. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ka ji abin da nake ji?" Na kasa kunne, sai na ji wani kakari daga waje, kamar na wanda aka shaƙe. Ta ce, "Kwana da kwanaki ke nan. Na yi wa ɗan nan magana, ya ce ban san aikin ba, kuma gaskiya ne ban sani ba. Amma ba na son a kashe rai a gidan nan a kan abin da ban gane ba. Ka je ka gaya wa babban Malam."

Na ji nauyin kai maganar kare majalisin ilimi, amma umarnin suruka ba abin ajiyewa ba ne. Da aka tashi daga karatun safe na matsa na faɗa masa a hankali, sai dai ɗakin ƙarami ne, kowa ya ji, na kuma ga wasu daga 'yan uwana ɗalibai suna danne murmushi. Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni yaushe likitan zai zo, na ce yau bayan azahar. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Mu fara da mai gadin. Shi aka fi cuta."

Muka tafi, ni da shi da wani ɗalibi ɗan uwana, mai dogon gemu da tsananin kiyaye tsarki, wanda ba ya zama a kujerar mota sai ya shimfiɗa hankici. Mun sami mai gadin a ɗakinsa na haya, hannu a naɗe an rataye masa a wuya, muka kuma tarar da Mai Karnuka a wurin ya kawo masa lemo, yana zaune a ƙasa kansa a sunkuye. Shehinmu ya yi wa majinyacin addu'a, ya daɗe yana tambayarsa ciwon da barci da iyali, sannan ya ce, "Baba, kafin ya kama ka, me ya ce maka?"

Mai gadin ya yi dariya duk da ciwon. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, kare ne fa."

"Na sani. Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Shi ne ma abin da ya fi ba ni tsoro."

"Da can fa?"

Dattijon ya yi ɗan tunani, ya ce, "Da can in yana ci na matso, sai ya yi wannan rugugin nasa, ni kuma in ce masa to sarkin rowa, ci abinka, in ja baya. Mun daɗe a haka ba mu taɓa saɓawa ba."

Shehinmu ya ce, "Wa ya hana shi?"

Ƙanin matata ya ɗago kai ya ce, "Ni ne, Allah Ya gafarta Malam. Aikin da aka ba ni ke nan." Kuma har a lokacin akwai sauran alfahari a muryarsa. Sai Shehinmu ya yi wa mai gadin sallama, ya ce a kai shi ya ga karen.

Da muka shiga filin, sauran karnukan suka ɗauki haushi har ba ka jin maganar na kusa da kai, ɗan uwana mai gemu ya tattare rigarsa har gwiwa ya maƙale a jikin tanki. Keji na ƙarshe ne kaɗai shiru. Aradu na tsaye a ciki, an ɗaure sarƙar wuyansa a rodin sama, ƙafafunsa na rawa, wuyan ya saɓule ya yi ja, idanunsa kuwa a kanmu, ba ya ko ƙiftawa. Likitan dabbobi ya riga mu zuwa, yana zaune a kan benci da jakarsa a cinya. Ya gaida Shehinmu da ladabi, ya ce ya duba, karen ba shi da ciwon hauka, an yi masa rigakafi a kan kari. Shi dai aikinsa allura, in an ce a yi zai yi, in an ce a bari zai koma.

A nan Mai Karnuka ya faɗi hujjarsa, kuma ina ganin adalci ne in kawo ta yadda ya faɗe ta. Ya naɗe hannun riga ya nuna tabbansa, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, waɗannan ba tumaki ba ne. Wannan da kake gani ya kai nauyin mutum, in ya kama wuya an gama. Ni na taɓa ɓamɓare bakin kare daga cinyar mutum da ƙarfe, da na tsaya lallashi da ya mutu. In ba su ji tsorona ba, wata rana gawata za a fitar daga filin nan. Masu cewa a bi su da lalama ba su taɓa shiga keji ba."

Shehinmu ya ce, "Ka yi gaskiya. In ya kama mutum, ka raba su da duk abin da hannunka ya samu. Wannan ceto ne, kuma za ka sami lada. Keji ma daidai ne, takunkumi daidai ne." Ya dubi karen, sannan ya ce, "Amma dukan da ka yi masa yana ɗaure, a gaban abincinsa, wa ka ceta?"

Mai Karnuka ya ce ai don ya daina faɗa ne.

Shehinmu ya ce, "Ya daina?"

Sannan ya ƙara da cewa, "Fushin yana nan inda ka same shi, tsoro ma ka ƙara masa. Sallamar kawai ka cire. Yana da hanyar cewa a ja baya, ka toshe ta, sai haƙori kaɗai ya rage masa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan mas'alar, domin shi ba mai tsawaitawa ba ne. Ya ce a kwance sarƙar daga rodin sama, wanda ana iya yi daga waje, aka kwance, karen ya zube ƙasa sannan ya sake miƙewa da sauri. Ya ce a tura masa ruwa da abinci ta ƙarƙashin ƙofa, aka tura tasa da nama a ciki, amma duk da yunwar da ke cinsa bai taɓa ba, ya tsaya a kanta a sandare. Shehinmu ya sa aka kifa masa bokiti a gefen kejin, ya zauna a kai ya ba karen gefen jikinsa, bai dube shi ido cikin ido ba, leɓunansa na motsi da abin da ban ji ba. Mun daɗe a haka. Abin da na fara lura da shi shi ne sauran karnukan sun yi tsit ɗaya bayan ɗaya, har muna jin ɗigar ruwa daga tanki, alhali ƙanin matata ya sha gaya mini ba sa yin shiru in akwai baƙo a filin.

Can sai ya ce a buɗe kejin. Mai Karnuka ya ce wallahi ba zai buɗe ba, likita ma ya miƙe ya ce wannan ganganci ne. Shehinmu bai yi musu gardama ba, ya sa ƙugiyar sandarsa ya ja sakatar da kansa, ƙofar ta buɗe kamar faɗin kamu ɗaya. Ya ajiye sandar a ƙasa. Ya fara miƙa hannunsa na dama zuwa tasar, sannu sannu, wannan hannun da muke sumbata, siriri mai jijiyoyi, ni kuwa ina tsaye a bayansa na kasa ko addu'a. Karen ya ƙara sandarewa, kunnuwa suka kwanta, leɓe ya ɗan ɗaga, kuma babu sauti ko kaɗan. Likita ya gaya mini daga baya cewa a irin wannan tsayuwar, abin da ke biyo baya cizo ne.

Sai Shehinmu ya tsai da hannun a inda yake, ya ce da muryar da yake gyara mana karatu da ita, "Faɗi, bawan Allah. Babu mai dukanka."

Da farko wani abu ne ya fito kamar tari, a shaƙe, a karye. Sannan ya sake, sautin ya sauka ƙasa ya yi kauri ya cika kejin, har na ji shi a ƙirjina kamar yadda ake faɗa. Hannun Mai Karnuka ya tafi kan tiyon da ke rataye a ƙugunsa, ba da niyya ba, sabo ne kawai. Shehinmu bai waiwaya ba ya ce, "Ajiye." Ya janye hannunsa, ya ja bokitinsa baya kaɗan, ya ce wa karen, "Na ji. Na ja baya."

Karen ya yi shiru yana dubansa, sannan ya dubi Mai Karnuka, yana jiran fizgar da ya saba, ba ta zo ba. Shehinmu ya sake miƙa hannu, karen ya sake gurnani, wannan karon ba da jinkiri ba, ya sake janyewa ya ce ya ji. Sun maimaita haka ban san sau nawa ba. Daga nan Aradu ya sunkuyar da kai ya ci abincinsa, ya shanye ruwan, ya zagaya ya kwanta a bakin ƙofar kejin ya ɗora haɓa a kan siminti, dab da ƙafar Shehinmu. Shi kuwa ya sa hannu biyu ya zare sarƙar ta kan kunnuwansa, kamar mai cire wa yaro riga, ya miƙa wa ƙanin matata, ya tura ƙofar ya sa sakata. Likita ya rufe jakarsa bai ce a biya shi komai ba.

Ɗan uwana mai gemu ya sauko daga jikin tanki da buta a hannu, yana cewa a yi maza a wanke hannun Malam. Shehinmu ya miƙa masa hannun ya wanke, ya gode masa, ya ce, "Wannan kam ruwa yana wanke shi. Haƙƙin dabba ne ruwa ba ya wankewa." Sannan ya juya ga Mai Karnuka ya ce, "Kada ka kashe shi, kada ka mai da shi sito. Ka kula da mai gadin nan, nauyinsa a kanka yake. In karen ya yi gurnani, ka ja baya ka duba abin da ya dame shi. Akwai ranar da za ka ji wannan muryar, ta fi maka kowace murya daɗi."

Ba zan ce muku Aradu ya koma ɗan rago ba, don bai koma ba. Har ya tsufa ba a fita da shi sai da takunkumi, kuma ni ban ƙara matsawa kusa da kejinsa ba. Ba zan ce ƙanin matata ya sauya a yini ɗaya ba. Ya daɗe yana gunaguni cewa sabuwar hanyar tana cin lokaci, sai ka tsaya daga nesa kana jefa wa kare nama kana matsowa kaɗan kaɗan kamar mai zawarci, wasu masu siton ma suka koma wurin wani mai horon da ke cire gurnani cikin gaggawa. Amma tiyon ya koma aikin wanke keji, sarƙar kuma ya rataye ta a ƙusa a jikin katanga. Ya kewaye wa Aradu wani ɓangare na filin da waya, ya yi masa ƙofa mai sakata, a nan yake sake shi da rana ya ci ƙashinsa.

Abin da ya rage ya faru ne bayan wani lokaci mai tsawo, a shekarar da aka yi wa titin garejin kwalta, ko wadda ta biyo ta. Na je gaida Inna da hantsi, na tarar tankin ruwa yana yoyo, Mai Karnuka zai hau ya duba, ya ce, "Yawwa, ga malamin da bai iya komai ba. Riƙe tsani dai ai ba ya buƙatar nahawu." Na riƙe, ya hau can sama. Ashe da ya jefa wa Aradu ƙashi ya turo ƙofar wayar, sakatar ba ta shiga ba, don ta daɗe da lanƙwashewa yana cewa zai gyara.

Inna ta fito daga cikin gida da sandarta tana neman mu, ta bi jikin katanga kamar yadda ta saba, sai hannunta ya sami ƙofar wayar, ta ɗauka ƙofar da ke fita wajen tanki ce, ta tura ta shiga. Ni na ba wurin baya, ban gani ba; abin da na ji shi ne tsanin ya fara rawa a hannuna. Na ɗaga kai na ga ƙanin matata ya buɗe baki ya kasa fitar da murya, na waiwaya, sai ga tsohuwa tana tafe tana dogara sanda, tana nufar inda karen ke kwance da ƙashi tsakanin ƙafafunsa, har kan sandar ya kusa taɓa ƙashin. Tsakaninmu da ita akwai faɗin filin gaba ɗaya, kuma da ɗayanmu ya yi ihu ko ya ruga, Allah kaɗai Ya san abin da karen zai yi.

Sai Aradu ya yi gurnani, mai kauri, mai tsawo.

Inna ta tsaya cak. Ta ce, "Af, kai ne a nan? Ashe ɗakinka na shigo ba sallama. Yi haƙuri, ci abinka." Ta ja da baya a hankali tana laluben waya, ta sami ƙofar ta fita, ta ja ta, tana mita cewa gidan nan ƙofofi sun yi yawa. Karen ya mai da kai kan ƙashinsa.

Mai Karnuka ya daɗe a saman tanki bai iya saukowa ba, sai da na ce masa hannuna ya gaji. Da ya sauko bai shiga gida ba, bai ko wanke hannu ba, ya ce in raka shi wurin Shehinmu. Mun same shi a tsakiyar karatu, muka zauna daga baya har ya kai aya, sannan ya ɗago ya dubi ƙanin matata, tun kafin ɗayanmu ya buɗe baki, ya ce, "Ta ji, ta ja baya. Alhamdu lillahi." Babu wanda ya riga mu zuwa, babu kuma wanda ya gani sai mu biyu. Mai Karnuka ya kifa kai a kan tabarma yana kuka, ƙaton mutum mai tabo, ɗalibai suna kallon juna ba su san dalili ba. Shehinmu ya bar shi har ya natsu, sannan ya ce, "Sarƙar nan tana nan? Je ka ɗaure ƙofar da ita, ka sa kwaɗo. Can ne wurinta." Ya mai da ido kan littafi ya ce wa mai karatu ya ci gaba.

A ranar aka ɗaure ta a ƙofar wayar, kuma a can na bar ta a zuwana na ƙarshe gidan, ta yi tsatsa, bayan Inna da Aradu da shi kansa Mai Karnuka duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni ma yanzu na zama mai gurnani, in an taɓa mini littattafai ko an matsar mini da takalmi, 'ya'yana kuwa sukan ce, "Mun ji, Baba," su ja baya. Allah Ya yi musu albarka.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun wannan bawa nasa, kuma shi bai taɓa kiransa karama ba. Da na ambata masa sau ɗaya, cewa ya yi karen ne ya yi ƙoƙari. Tsarki ya tabbata ga wanda ke ba da hikima ga wanda Ya so. Ya Allah, Ka yalwata kabarin shehinmu, Ka ɗaukaka darajarsa a cikin salihan bayinKa, Ka ba mu rabo daga tausayinsa, kada Ka kama mu da haƙƙin abin da ke ƙarƙashin hannunmu, mai magana da marar magana. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shehinmu a addu'a, ya sa mai gadin nan da Inna da ɗanta, in da saura ya tuna da tsohon da ya riƙe tsani. Amin.